Yadda Mabiya Buddha Suke Horar da Zuciya: Daga Kame Baki Zuwa Ƙidayar Numfashi

A wuraren ibadar mabiya Buddha na Sri Lanka da Tailan da Myanmar, idan mutum ya je neman a koya masa zaman natsuwa, ba a fara masa da numfashi. Alkawura biyar ake fara karɓa daga bakinsa, sannan a nuna masa inda zai zauna. Wannan tsari ya daɗe. Buddhaghosa, malamin da ya zauna a birnin Anuradhapura na Sri Lanka a ƙarni na 5 miladiyya, ya gina babban littafinsa Visuddhimagga a kan hawa uku: kyawun hali, sai tattara hankali wuri guda, sai basira. Har yau da shi malaman ɗariƙar Theravada, wadda ake bi a waɗannan ƙasashe, suke koyarwa, kuma yawancin abin da ke lalata wa mai koyo zama yana faruwa ne tun kafin ya zauna, a bakinsa ko a cikinsa ko a mu'amalarsa da mutane.

Wanda ya kafa wannan tafarki shi ne Siddatta Gotama, wanda ake kira Buddha, haifaffen Lumbini da ke cikin Nepal ta yau, wanda ya rayu wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya. A Sarnath, kusa da Varanasi, ya fara karantar da mutum biyar, ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80. An riƙe karantarwarsa da ka har zuwa ƙarni na 1 kafin miladiyya, lokacin da aka rubuta ta a kan ganyen kaba a Sri Lanka cikin harshen Pali. Addini ne mai zaman kansa, da aƙidarsa da ibadunsa na mabiyansa. Abin da ke tafe shi ne ɓangaren horo, kamar yadda ake koya wa magidanci mai sana'a da iyali.

Alkawura biyar, da wanda ya fi saurin karyewa

Kada ka kashe mai rai, kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, kada ka yi lalata, kada ka yi ƙarya, kada ka sha abin maye. Su ke nan. Masu zuhudu da ake kira bikku suna da dokoki 227, amma na magidanci biyar ne. Dalilin da ya sa aka sa su a gaba yana da sauƙin gwadawa: wanda ya cuci abokin ciniki da rana, idan ya rufe ido da daddare fuskar mutumin zai fara gani, kuma rabin zamansa zai tafi wajen shirya uzuri.

Na huɗu ne yake ba mutane wahala, domin ya wuce ƙarya kawai. A cikin tafarki mai rassa takwas da Buddha ya koyar, magana ta gari tana nufin barin abu huɗu: ƙarya, annamimanci, zafin baki, da surutu marar amfani. Da wani ɗan sarki mai suna Abhaya ya tambayi Buddha ko yana faɗin abin da ba ya yi wa mutane daɗi, amsar da ya bayar ta zama ma'auni. Abin da ba gaskiya ba ne, ba a faɗarsa. Abin da gaskiya ne amma ba shi da amfani, shi ma ba a faɗarsa. Abin da gaskiya ne kuma yana da amfani, ko zai yi daɗi ko zai yi ɗaci, ana faɗarsa, amma sai an duba lokaci.

Ga yadda ake aiki da shi. Ka ware mako guda, ka zaɓi ɗaya daga cikin huɗun, misali annamimanci. Duk lokacin da sunan wanda ba ya nan ya zo bakinka, ka ja numfashi ɗaya kafin ka ci gaba, ka tambayi kanka ko za ka iya maimaita maganar a gabansa. Kada ka ɗauki huɗun gaba ɗaya. Masu yin haka sukan zama bebaye na kwana biyu, iyali su fara tambayar ko lafiya, a rana ta uku su koma yadda suke har da ƙari.

Wuri, lokaci da yadda ake zama

Ka sami wuri guda ka riƙe shi, ko da kusurwar ɗaki ce. Sassafe ya fi, kafin ka taɓa waya. Idan da dare za ka yi, ka bar kamar awa biyu tsakaninka da abinci mai nauyi, in ba haka ba gyangyaɗi za ka yi. Ka fara da minti 15. Idan ka yi mako guda ba fashi, ka ƙara minti biyar, haka har ka kai 40 ko 45. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Lahadi kaɗai.

Ka sa matashin zama mai ɗan tauri, kaurinsa kamar santimita 10 zuwa 15, ka zauna a gabansa-gabansa yadda ƙugunka zai fi gwiwoyinka tudu. Wannan shi ne sirrin miƙewar baya. Idan gwiwoyi suka fi ƙugu tudu, ƙashin baya zai lanƙwashe, cikin minti goma tsakiyar baya ta fara ciwo. Ba dole ba ne ka ɗora ƙafa kan cinya kamar yadda ake gani a gumaka. Zaman da aka fi sani a Myanmar ya wadatar: ka tanƙwashe ƙafafu, ɗaya a gaban ɗaya, duka biyun a ƙasa. Mai ciwon gwiwa ya hau kujera, tafin ƙafa a ƙasa, bayansa bai jingina ba. Hannuwa a kan cinya, na dama bisa na hagu, haɓa ta ɗan sunkuya, kafaɗu a sake. Ido a rufe, ko a ɗan buɗe yana kallon ƙasa idan kai mai saurin barci ne.

Numfashi da ƙidaya

Ka nemi wurin da iska take taɓawa idan tana shiga da fita. Buddhaghosa ya lura cewa mai dogon hanci a bakin hanci yake jin ta, mai gajeren hanci kuma a leɓen sama. Duk inda ka ji ta sosai, nan ne wurinka. Kada ka bi iskar zuwa ƙirji da cibiya ka dawo. Hankali zai yi ta zirga-zirga, jiki ma ya ƙi kwanciya. Ka tsaya a ƙofa kana lura da mai shiga da mai fita.

Kada kuma ka sarrafa numfashin. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowa yake fara yi: yana jan iska da ƙarfi don ya ji ta da kyau, sai jiri ya kama shi, yatsu su fara tsikari, ƙirji ya ɗaure. Idan haka ta faru, ka bar numfashin na ɗan lokaci, ka mai da hankali kan inda jikinka ya taɓa ƙasa, har iskar ta koma tafiyarta da kanta.

Ƙidayar tana da ƙa'ida: kada ka tsaya ƙasa da biyar, kada ka wuce goma. Ƙasa da biyar hankali yakan takura, sama da goma kuma yakan bar numfashi ya koma kan lambar. Da farko ana ƙirgawa ne bayan numfashin ya gama wucewa, a hankali, kamar yadda mai awon hatsi yake riƙe lamba ɗaya a bakinsa har ya juye mudu. Idan shiga da fita suka fito fili, sai ka koma ƙirgawa daidai lokacin da iskar ta taɓa: ɗaya zuwa biyar, ka dawo ɗaya zuwa shida, ɗaya zuwa bakwai, haka har goma, sannan ka sake daga biyar. Wannan hawa-hawan yana tona asirin wanda yake ƙirgawa da baki zuciyarsa tana kasuwa, domin zai manta inda ya kamata ya tsaya. Idan ka ɓata, ko ka farga kana sha huɗu, ka koma ɗaya. Babu zagin kai, babu tsaki. Dawowar ita ce atisayen, kuma a makonnin farko za ka yi ta sau da yawa ƙwarai.

Ana barin ƙidaya ne idan hankali ya iya zama a wurin ba tare da ita ba. Daga nan sai matakai huɗun farko na cikin goma sha shida da nassin karantarwar Buddha ya lissafa: ka san numfashi mai tsawo a matsayin mai tsawo, ka san gajere a matsayin gajere, ka ji jiki gaba ɗaya, sannan ka bar shi ya lafa. A mataki na uku malamai sun rabu. Tsofaffin masu sharhi sun ce ana nufin numfashin dukansa, farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Wasu malaman baya sun ce jikin mutum ake nufi daga kai zuwa ƙafa. Ga mai koyo, na farkon ya fi sauƙin riƙewa.

Akwai lokacin da numfashi zai yi siriri har ka daina jinsa. Mutane sukan tsorata su ja iska da ƙarfi, ko su ɗauka zaman ya ƙare su tashi. Shawarar littafin Buddhaghosa ita ce ka zauna daram, ka ajiye hankali a wurin da ka saba jin taɓawar, ka jira. Za ta sake bayyana. Wasu a wannan matakin sukan ga wani haske, ko abu kamar auduga ko tauraro. Buddhaghosa ya kawo ra'ayin wasu magabata cewa kada malami ya ce wa ɗalibi “ka kai”, kada kuma ya ce “ba komai ba ne”, ya dai ce masa ya ci gaba da lura. Hikimar a fili take: na farko zai sa shi sakaci, na biyu zai karya masa gwiwa.

Wanda hanci ya ƙi masa, saboda mura ko don goshinsa yana ɗaurewa, yana da wata hanya. Mahasi Sayadaw, wani malami ɗan Myanmar, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1982, ya yaɗa lura da tashi da saukar ciki. Kana cewa a zuci “tashi, sauka”, idan tunani ya ɗauke ka ka ce “tunani, tunani”, idan ƙara ce ka ce “ji, ji”, sannan ka dawo ciki. Ciwon goshin nan kuwa yawanci daga ido yake: mutum yana karkatar da ƙwayar idonsa zuwa hanci alhali ido a rufe. Ka saki idon ya kalli gaba.

Abubuwa biyar da ke tare hanya

Nassi ya ƙirga su: kwaɗayin jin daɗi, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin sukuni da nadama, sai shakka. Ya kwatanta su da ruwan da mutum yake son ganin fuskarsa a ciki: wanda aka zuba wa rini, wanda yake tafasa, wanda gansakuka ta rufe, wanda iska take kaɗawa, da gurɓatacce da aka ajiye a duhu. Aikin farko shi ne ka gane wanne ne ya zo, domin maganinsu ya bambanta, kuma maganin ɗaya yakan ƙara wa ɗaya ƙarfi. Mai gyangyaɗi idan ya ƙara kwantar da numfashi barci zai yi. Mai rashin sukuni idan ya ƙara matsa wa kansa, ƙara tashi zai yi.

Gyangyaɗi ya sami bayani filla-filla, domin Moggallana, ɗaya daga cikin manyan almajiran Buddha biyu, ya yi fama da shi. Jerin da aka ba shi yana tafiya daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Ka bar tunanin da barcin ya same ka a cikinsa. In bai tafi ba, ka juya wani darasi da ka sani a zuciyarka, sannan ka karanta shi da baki. In bai tafi ba, ka ja kunnuwanka biyu, ka murza gaɓoɓinka da hannu. In bai tafi ba, ka tashi ka wanke ido da ruwa, ka dubi sararin sama da taurari. Sai ka cika zuciyarka da tunanin hasken rana. Sai ka yi kai-komo da ƙafa. Idan duk wannan bai yi ba, ka kwanta a gefen dama, ƙafa bisa ƙafa, da niyyar tashi da zarar ka farka. Wato an yarda cewa wani lokaci jikin barci kawai yake bukata. Wanda yake kwana awa huɗu ba dabara yake nema ba, bashin barci ake binsa.

Kai-komon da aka ambata shi ma horo ne mai zaman kansa. Ka auna fili miƙaƙƙe mai taku 20 zuwa 30, ka haɗa hannuwa a gaba ko a baya, ido a ƙasa kamar taku biyu ko uku a gabanka. Hankali yana tafin ƙafa: ɗagawa, turawa, saukewa. A ƙarshen layi ka tsaya cak, ka juya a natse, domin wurin juyawar ne hankali ya fi kuɓucewa.

Ga tunanin da ya maƙale, na fushi ko na sha'awa, akwai dabaru biyar, ana bin su a jere. Ka maye gurbinsa da tunani mai kyau. In ya ƙi, ka dubi ɓarnar da zai jawo maka. In ya ƙi, ka kau da kai daga gare shi. In ya ƙi, ka bincika abin da yake hura shi, ka rage masa gudu sannu a hankali. Sai na ƙarshe: ka datse haƙora, ka danna harshe a ganɗa, ka murƙushe shi da ƙarfin zuciya. Mutane da yawa da na biyar suke farawa, shi ya sa suke gajiya. An ajiye shi ne don ranar da sauran huɗun suka gaza.

Rashin sukuni yakan zo daga shayi ko kofi mai yawa, ko daga wani haƙƙi da ba a sauke ba. Idan bashi ne ko neman afuwa, babu yawan zaman da zai kore shi sai ka je ka sauke. Shakka kuma, irin ta “anya ina yin daidai?”, maganinta shi ne ka riƙe hanya ɗaya na wata uku kafin ka yanke mata hukunci, ka kuma tambayi wanda ya riga ka.

Ciwo iri biyu ne. Tsamin jiki da mutuwar ƙafa na ɗan lokaci ba su da haɗari, ana iya lura da su. Amma ciwo mai suka a cikin gwiwa, ko mutuwar ƙafar da ba ta sakewa bayan an tashi, alama ce ta ka canza zama nan take.

Daga natsuwa zuwa basira

Idan hankali ya fara zama, sai a juya shi kan abin da ake ji. Kowane ji ɗaya ne cikin uku: mai daɗi, marar daɗi, ko tsaka-tsaki. Gwaji mafi sauƙi shi ne ƙaiƙayi. Ya taso a gefen hanci. Kada ka sosa. Ka duba faɗinsa, ko yana tsaye wuri guda ko yana motsi, ko yana da zafi ko tsikari. Za ka ga abu biyu ne a haɗe: ƙaiƙayin kansa, da wani matsin da ke tura hannunka ya tashi. Ka lura da matsin shi ma. Cikin ɗan lokaci ƙaiƙayin zai ƙaru, ya rarrabu, ya ɓace ba tare da an taɓa shi ba. Nassin ya kira wannan kibiya biyu: ta farko ciwon da ya sami jiki, ta biyu wadda mutum yake harba wa kansa da ƙorafi da tsoro. Horon ba ya hana ta farko. Wanda ya saba raba biyun a kan ƙaiƙayi, shi ne zai iya raba su ranar da aka gaya masa baƙar magana.

Fatan alheri, da tsarin da ake bi

Minti biyar na ƙarshen zama ana ba da su ga metta, wato cika zuciya da fatan alheri. Kalmomin gajeru ne: ya zauna lafiya, ya kuɓuta daga ƙiyayya, ya kuɓuta daga wahala, ya rayu cikin sauƙi. Tsarin yana da muhimmanci. Ka fara da kanka, sai malami ko wani da kake girmamawa, sai aboki na kusa, sai wanda ba ruwanka da shi, kamar mai shagon da kake wucewa kullum, sai daga ƙarshe abokin gaba. Wanda ya fara da maƙiyi fushinsa kawai zai tayar. An kuma hana ɗaukar wanda sha'awarsa za ta iya shiga zuciyarka, domin fatan alheri da sha'awa suna kama da juna har mutum ya kasa bambancewa, an hana ɗaukar mamaci ma.

Idan ka zo kan abokin gaba zuciya ta ƙi, ka koma kan wanda ya gabace shi har ta yi laushi, sannan ka sake gwadawa. In ta ƙi, ka nemi hali guda mai kyau da yake da shi, ko da iya gaisuwa ce, ka tsaya a kansa. Dabara ta ƙarshe da Buddhaghosa ya kawo ba a zaune ake yin ta ba: ka ba shi kyauta, ko ka karɓi tasa.

Kuɗi, sana'a da bitar dare

Wani saurayi mai suna Sigala ya sami shawara daga Buddha ta raba abin da yake samu kashi huɗu: ɗaya na ci da sha, biyu a mayar cikin sana'a, ɗaya a ajiye don ranar wahala. Ga mai ƙaramin albashi wannan rabon ba zai yiwu yadda yake ba, amma kashin ajiyar shi ne wanda ya shafi zama kai tsaye, domin mai tsoron gobe da wuya ya ƙirga numfashi biyar a jere. An kuma hana magidanci kasuwanci iri biyar: makamai, mutane da sauran masu rai, nama, kayan maye, da guba.

Bitar aiki kuwa daga nasihar da Buddha ya yi wa ɗansa Rahula aka ɗauko ta: ka duba aiki kafin ka yi shi, da lokacin da kake yinsa, da bayan ka gama, kana tambayar ko zai cutar da kai, ko wani, ko ku duka. Idan ka ga ya cutar, na baki ne ko na jiki, ka faɗa wa wani mai hankali da ka yarda da shi, ka ƙudura kamewa nan gaba. Minti uku kafin barci sun isa.

Kwas na kwana goma

Mai son zurfafawa yakan shiga keɓewa. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne tsarin S. N. Goenka, haifaffen Myanmar da ya rasu a 2013, wanda babbar cibiyarsa take Igatpuri a Indiya. Ba a biyan kuɗi, da gudummawar tsofaffin ɗalibai ake gudanarwa. Ana kaɗa ƙararrawa ƙarfe 4 na asuba, ana zama kamar awa goma a rana, abinci mai nauyi na ƙarshe ƙarfe 11 na safe ne, sabbin ɗalibai suna samun shayi da 'ya'yan itace ƙarfe 5 na yamma. Ana karɓe waya, babu karatu, babu rubutu, babu magana da sauran ɗalibai har rana ta goma. Kwana ukun farko na numfashi ne kaɗai, a rana ta huɗu ake fara bin jiki daga kai zuwa ƙafa, a rana ta goma a koyar da metta a kuma buɗe baki.

Horo ne mai tsanani, ba na kowa ba. Mai fama da taɓin hankali, ko baƙin ciki mai nauyi, ko wanda wani tashin hankali da ya gani yake dawo masa, ya fara shawara da likitansa, ya faɗi gaskiya a takardar neman shiga, kada kuma ya daina shan magani don zai je. Ga irin waɗannan, gajeren zama da ido a buɗe da kai-komo da ƙafa sun fi aminci. Bayan kwas ana umartar ɗalibi da awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma. Wanda bai saba da minti 30 a gida ba kafin ya je, da wuya ya riƙe wannan, don haka ya fi kyau a yi wata biyu ko uku ana zaman gida kafin a cike takardar.